Bana Babu Gyare

Talatu, ki yi mini aikin gafara da na ɗora miki karatun waɗannan takardu, ga aikin asibiti ya sha miki kai a Maraɗi. Ban rubuta su don kowa ba. Na yage su ne daga bayan littafin da nake bin haddar ɗalibaina, don na san in na ce zan ba ki labarin a salula muryata ba za ta kai ƙarshe ba. Akwai sunan ƙanenki Istifanus a ciki, akwai na maigidana. Ki karanta ke kaɗai.

Litinin, 3 ga Safar, bayan la'asar

Yau ma an sake waya, ta kayan sautin Malam. Na daina ƙirga ko ta nawa ce tun faɗuwar damina. Istifanus ya zo da ita daga shagonsa na Kasuwar Dole, shuɗiya, mai kauri kamar igiyar guga, ya durƙusa bayan kabad yana zufa. Malam yana tsaye a kansa yana ba da umarni, sai ka ce har yanzu yana ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Duk Damagaram an san Malam Dodo da kunne. A da ana cewa daga bayan katanga yake gane wanda ke kaɗa kalangu.

Tun da autanmu Nazir ya aiko da ɗan akwatin nan daga Kwatano, mai jawo kiɗa daga antarnet ya zuba a lasifika, falonmu ya koma wurin aiki. Gidan rediyon sun ɗora tsofaffin waƙoƙin da Malam ya ɗauko a ƙauyuka da hannunsa. Akwai wadda ya fi so: matan Gidimuni a bakin tafki suna kiɗan ƙwarya, wata yarinya tana kaɗa kacau-kacau. Ya ce a rezo, wato antarnet ɗin, an cinye kacau-kacau ɗin, ƙwarya kaɗai ta rage. Da farko ya ɗora wa wifi laifi, ya ce iska ba ta riƙe amana. Aka ja waya daga akwatin rezo. Bai gamsu ba, ya ce a kawo wadda ta fi ta.

Da aka gama ya kunna, ya ƙwala mini kira daga madafa.

"Hajjo, zo ki ji. Kin ji bambanci?"

Na saurara tsakanina da Allah. Na ce, "Malam, yadda na ji jiya haka na ji yau."

Ya ce, "Ke ai in ba Baƙara aka ja ba kunnenki barci yake."

Istifanus ya yi dariya ya rufe baki da hula. Ni ma na yi. Amma ban ji ba, kuma ba zan ce na ji ba.

Laraba, 5 ga Safar, hantsi

Na yi sallama daga ƙofar falo har sau uku. Sai da na zagayo ta gaban Malam sannan ya amsa.

Alhamis, 6 ga Safar, bayan azahar

Istifanus ya dawo ɗaukar jakar aikinsa, Malam yana masallaci. Na ba shi ruwa, na ce ya faɗa mini gaskiya, me wayoyin nan suke ƙarawa.

Ya ce, "Inna, sautin nan ba kamar ruwa a kwata yake tafiya ba, balle ya zube a hanya. Lissafi ne ake aikowa ƙunshi-ƙunshi. In ƙunshi ya ɓata, akwatin ya ce a sake aikowa. Kuma tarawa yake tukuna, kamar yadda kike cika randa ranar da famfo ya tuna da unguwarku. Famfo ya yi tari, ya yi kaki, ke dai daga randa kike sha."

Na ce, "To in wayar ba ta da kyau fa?"

"Sai ki ji ya tsaya cak, ko ya riƙa katsewa. Amma waya ba ta tsince kacau-kacau ta bar ƙwarya." Ya yi ƙasa da murya. "Baba maigidanki ya fi ni sanin wannan. Shi ya koya mini haɗa waya da dalma."

Ya dube ni, na dube shi. Na ce ya sha ruwansa kada ya yi zafi.

Asabar, 8 ga Safar, bayan la'asar

Yau waya ta haske aka kawo. Malam ne ya nace. Siririya ce kamar tsinken tsintsiya, an ce gilashi ne a cikinta, tana haɗa ɗan akwatin da amfili, na'urar da ke ƙara wa lasifika ƙarfi. Istifanus ya ce in leƙa bakinta daga nesa. Wani ɗan jan haske ne kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Na yi tasbihi. Wai muryar mutum ce a cikin wannan.

Akwai wani gunji da lasifikanmu ke yi tun tuni, ƙasa-ƙasa, kamar injin niƙa a wata unguwa. Istifanus ya ce kuran gidan ne, wato wutar lantarki, yake bin wayar tagulla yana shiga inda ba a gayyace shi ba, gilashi kuwa ba ya ɗaukar kuran. Ana kunnawa gunjin ya ɗauke.

"Kin ji?"

Na ce, "Na ji, Malam. Gunjin ya tafi."

Wallahi na ji daɗin faɗin haka fiye da yadda ya ji daɗin ji. Ya dafa kafaɗar Istifanus yana cewa, "Ka ga? Har Malama ta sallama." Sai ya kunna ta Gidimuni. Ina kallon fuskarsa tana sauka.

"Ina kacau-kacau?"

Na ce, "Ga shi nan yana tashi."

Ya ce, "Cokulanki ne kike ji a madafa."

Babu kowa a madafa.

Lahadi, 9 ga Safar, bayan magariba

An yi ruwa mai kyau. Muna zaune a tabarma ya ce, "Bana babu gyare. Maganin ƙwarin nan da ake fesawa ya gama da su."

Gyare ya cika tsakar gida, kukansa har cikin haƙorana.

Ban ce komai ba. Shiru ba ƙarya ba ne. Ko ƙarya ne? Malamin allonmu ya rasu, da na tambaye shi.

Talata, 11 ga Safar, bayan azahar

Ramlatu, ɗaya daga matan da nake biya wa karatu, ta tsaya bayan an tashi tana murza bakin hijabi. Ta ce mijinta ya ce Malam ya faɗa a majalisar ƙofar masallaci cewa Istifanus jabun waya yake sayarwa, roba ce aka saka wa fitila. Ta ce kwamitin masallaci sun fasa ba shi gyaran lasifikan hasumiya.

Na ce, "Ramlatu, kin gyara maddar da na nuna miki?" Ta gane, ta tafi.

Da wani ne ya faɗa da ta bi iska. Amma Malam Dodo ne ya faɗa. A garin nan in ya ce abu ba ya fita da kyau, wa zai ce yana fita?

Laraba, 12 ga Safar, bayan asuba

Butar shayi ta yi ta fito a kan wuta kusa da ƙafarsa har ta ƙone.

Ba zan rubuta sunan abin ba.

Juma'a, 14 ga Safar, bayan an sauko

Ya dawo da farar rigarsa, ya zauna, ya ce ya kai maganar wurin mai unguwa. Ba kuɗinsa yake so ba, so yake yaron ya amsa a gaban mutane cewa kayansa ba na ƙwarai ba ne, don kada ya cuci wani. An sa Alhamis ta sama, ba wannan mai zuwa ba.

"Na ce musu ina da shaida. Matata. Duk unguwa an san ba ta taɓa ƙarya ba."

Na ce, "Me zan shaida, Malam?"

"Cewa sautin ya dushe."

Na tsaya daidai gabansa yadda zai ga bakina. Na ce, "Bai dushe ba."

Ya ce, "Me kika ce?"

Na sake faɗa. Wannan karon ya ji.

Asabar, 15 ga Safar, bayan magariba

Bai taɓa tuwon ba. Na ɗauke, na ɗumama, na mayar. Bai taɓa ba.

Lahadi, 16 ga Safar, hantsi

Ya sayo ƙosai a bakin hanya da kansa, ya ci a zaure kamar baƙo. Shekara nawa ina sa masa yaji daidai bakinsa. To, ya ci na bakin hanya. Kwanonsa dai zan ci gaba da ajiyewa inda na saba, in kaji ne za su ci su ci.

Ni ba faɗa nake ba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, sai ɗagawar da ta zama dole a 'yan watannin nan. Amma bakin da nake biya wa mata Littafin Allah da shi, ba zan kai shi zauren mai unguwa in kashe kasuwar ɗan mutane ba. Yaron da na goya ranar da Talatu take aikin dare.

Talata, 18 ga Safar, bayan la'asar

Yaya Fati ta sauka daga Takieta, yayar Malam, da buhun gero da baki cike da magana. Shi ya kira ta, na sani. Ta same ni ina tsince shinkafa, ta ja kujera har gwiwarta tana taɓa tawa.

"Hajjo, ashe kin zama alƙali?"

"Allah ya kiyaye, Yaya."

"Kalma ɗaya ce. Ki ce kin ji ya dushe. Yaro ne, zai farfaɗo. Gobe ya sayar da caja ya manta."

Na ce, "Yana da mata da 'ya'ya, Yaya."

"Shi kuma ƙanena me yake da shi? Gona? Mota? Abu ɗaya Allah ya ba shi da ya fi kowa." Ta kama kunnenta ta ja. Sai ta saki da sauri kamar ta taɓa wuta. Ta dubi shinkafar ta ce, "Mahaifinmu ma a irin shekarun nan ya fara cewa mutane sun daina magana da ƙarfi."

Ashe ta sani.

Na ce, "To ki faɗa masa mana."

"Ni? In ya daina gaishe ni fa?"

Na ce, "Ni ai ya daina."

Ta ce ina da taurin kai irin na masu sanyin murya, wanda ya fi kowane muni. Na ce na gode. Na zuba mata fura.

Laraba, 19 ga Safar, bayan azahar

Yana falo shi kaɗai. Ya cire ta haske ya mayar da ta tagulla, ya cire ta tagulla ya mayar da ta haske. Gunji ya zo, gunji ya tafi. Ya matsa da kujera har kunnensa yana taɓa lasifika. Na ga ya sauya gefe, ya kara na dama.

Na koma madafa na yanka albasar da ba na bukata.

Juma'a, 21 ga Safar, hantsi

Istifanus ya yi sallama daga waje, bai shigo ba. Ya rame. Ya ce tun makon jiya masu zuwa shagon sai masu tambayar hanya.

"Inna, na zo in ce miki kada ki damu. Ranar Alhamis ni ba zan faɗi komai a kan Baba ba. In sun ce jabu ce, sai in ce to."

Na ce, "Jabu ce?"

"A'a."

"To don me za ka ce to?"

Ya sunkuyar da kai. "Uba ne a wurina."

Na ce, "A cocinku an ce ku yi ƙarya don uba?"

Ya yi murmushi, idonsa ya yi ja. Na ce ya koma shagonsa ya share ƙofa. Wannan kayan ba nasa ba ne, ba shi zai ɗauka ba.

Asabar, 22 ga Safar, bayan magariba

Kwano ya dawo cike.

Lahadi, 23 ga Safar, bayan asuba

Na yi ta juya abin a kan sallaya. In na je na ce sautin lafiyarsa ƙalau, mai unguwa zai ce to me ya sa Malam ba ya ji? Ba sai na amsa ba, zauren zai amsa da kansa, kafin azahar labari ya kai Zango. In na ƙi zuwa, maganar Malam ta tsaya, yaron ya nutse. In na je na ce ya dushe, da wace fuska zan ce wa Ramlatu ta gyara madda?

Zan je. Ba zan yi ƙarya ba. Amma ba a zaure zai fara ji ba.

Ta yaya ake nuna wa mutum sauti?

Talata, 25 ga Safar, bayan la'asar

Yaya Fati ta koma. A bakin ƙofa ta ce, "Allah ya ba ki sa'a, uwar taurin kai." Ban san ko addu'a ce ko baƙar magana ba. Na ce amin.

Laraba, 26 ga Safar, bayan magariba

Na sallami ɗalibai tun kafin la'asar. Na shiga falo ba tare da an kira ni ba, na zauna a ƙasa gaban kujerarsa.

Na ce, "Malam, gobe zan je, kuma abin da na ji zan faɗa. Gara ka fara ji a ɗakinka. Kunna ta Gidimuni."

Ya ce, "Yau kuma kiɗa ya halatta?"

Na ce, "Kunna. Ka ba ni hannunka."

Ya dube ni kamar na ce ya ba ni hularsa. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa riƙe hannunsa da rana tsaka a falo ba. Ya miƙo, da nufin ya ga iyakar haukata.

Ƙwarya ta fara. Matan suka ɗauki waƙa. Da kacau-kacau ya shigo sai na sa yatsana a bayan hannunsa ina bugawa, duk inda ya kaɗa in buga. Ni da ban taɓa taka rawa ba ko a bikina. Na rufe ido na bi shi kamar yadda nake bin ɗaliba in tana kawo hadda, ba na ƙarawa, ba na ragewa. Biyu da sauri, ɗaya a hankali. Biyu da sauri, ɗaya a hankali.

Ya ce, "Wannan ai kowa zai iya. Ƙwarya kike bi."

Na ci gaba.

Can tsakiyar waƙar sai kacau-kacau ya ɗauke, ƙwarya tana tafiya, mata suna amshi. Na ɗaga yatsana. Na bar shi a sama. Hannun Malam ya yi tauri a cikin nawa. Aka yi baiti guda babu shi. Sai ya dawo a gaggauce, ba a kan ƙa'ida ba, kamar mai gudu ta tarar da 'yan'uwanta. Na bi shi da gaggawar tasa har ya daidaita.

Ya miƙa ɗaya hannun ya kashe akwatin.

Ɗan jan hasken nan yana leƙowa ta bayan amfili.

Ya ce, "Suɓuce wa yarinyar ya yi. Ya faɗi a yashi. Ni na ajiye makirfo na ɗauko na miƙa mata." "Ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Na ce, "Ban sani ba, Malam. Ji na yi."

Bai janye hannun ba. Aka kira magariba, na ga bai motsa ba, na taɓa gwiwarsa na nuna masa gabas. Ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Hajjo, akwai gyare bana?"

Na ɗaga murya yadda zai ji. Na ce, "Akwai, Malam. Sun cika gida."

Alhamis, 27 ga Safar, bayan azahar

Ya ce ba sai na je ba. Na sa hijabina na bi shi a baya. An kira ni shaida, sai an sallame ni da baki.

Na zauna daga ƙofar zaure ta wajen mata. Istifanus yana rakuɓe a gefe da wayar a hannu, ya naɗe ta a hankali don kada gilashin ya karye. Mai unguwa bai gama gyara zama ba Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, na janye. Wayar yaron nan lafiyarta ƙalau. Ta cire mini gunjin da ya dame ni shekaru. Kuskuren nawa ne."

Mai unguwa ya ce, "To ina kacau-kacau ɗin da aka ce an cinye?"

Malam ya ce, "Yana nan. Na samu mai tsaronsa."

Aka yi dariya, ba wanda ya san ta mece ce. Mai unguwa ya leƙo ya ce, "Malama, akwai abin da za ki ƙara?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe. Abin da ya faɗa haka yake."

Ramlatu ta ce Malam ya maimaita a ƙofar masallaci bayan azahar, da ƙarfi, har ya fi yadda ya faɗi ta farko. Kwamiti dai ba su ce komai ba kan aikin hasumiya. Gobe zan je gaida matar liman da maganar, kuma ba zan tashi daga tabarmarta da wuri ba.

Juma'a, 28 ga Safar, bayan magariba

Kwano ya dawo wayam. Ya ce yajin ya yi yawa. Ƙarya yake, amma tasa ce.

Yana wanke hannu, yana kallon buta ba ni ba, ya ce, "Ƙawar nan taki ta Maraɗi. An ce akwai likitan da ke zuwa wajensu lokaci-lokaci. Na wannan fannin."

Na ce, "Wane fanni, Malam?"

Ya ce, "Kin sani."

Na ce, "Na sani. So nake ka faɗa."

Ya zubar da sauran ruwan, ya ajiye butar. Ya ce, "Na kunne."

Talatu, iyakar abin da na yage ke nan. Ƙanenki bai yi laifin komai ba, na so ki ji daga wurina kafin ki ji daga wani. Ki tambayar mana yaushe likitan zai zo, da abin da za mu taho da shi. Kin san halin mutumin, yau ya faɗa, jibi yana iya cewa amfili ne. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.